Dimokuraɗiyyar Turkiyya a Ƙauye Aka Yi Mata Wankan Jego

Masu ba da tarihin siyasar Turkiyya sun fi son tsayawa a Ankara: shugaban ƙasa Ismet Inonu ya buɗe ƙofa ga jam'iyyun adawa, su Celal Bayar da Adnan Menderes suka kafa jam'iyyar Demokrat a watan Janairun 1946. Gaskiya ne. Amma a ganina, a ƙauyukan Anatoliya aka yi ainihin kokawar.

A zaɓen Yulin 1946, a bainar jama'a ake kaɗa ƙuri'a, ƙirga kuma a ɓoye, jandarma na tsaye yana kallon wanda ka zaɓa. Jam'iyyar Inonu mai mulki, wato CHP, ta cinye, 'yan Demokrat suka tsira da kujeru sittin da 'yan kai. Bayan 'yan watanni, a 1947, aka yi zaɓen dagaci a ƙauyen Arslankoy na yankin Mersin. Ɗan takarar adawa ya ci, hukuma ta ce a sake. Mata suka ƙi ba da akwatin, aka kama su, aka kai su kotu. Waɗannan matan ba su san wata aƙidar tattalin arziki ba. Abin da suka sani shi ne ƙuri'arsu na cikin akwatin nan.

Wani zai ce ai gaba ce kawai ta gado. Ba ƙarya ya yi ba. A garuruwa da dama, in babban gida ɗaya ya shiga CHP, abokin hamayyarsa sai ya ruga Demokrat, har shagon shan gahawa kowa da nasa. Manoma da sunan Demokrat ya yi wa nauyi a baki suka mayar da shi Demirkirat, wato dokin ƙarfe. To, wannan gabar ce ta sa kowane ɓangare ya kasa ya tsare a rumfar zaɓe. Da aka gyara doka a 1950, ƙuri'a a asirce, ƙirga a fili, alƙalai na sa ido, Demokrat ta kayar da CHP ranar 14 ga Mayu, Inonu ya sauka.

Abin takaici, wanda aka zalunta jiya bai daɗe ba ya koyi sana'ar. A 1954, da mutanen Kirsehir suka zaɓi ɗan adawa Osman Bolukbasi, gwamnatin Menderes ta ƙwace musu matsayin lardi ta mayar da garin gunduma. Sai a 1957 aka mayar musu.