Wai tafiyar dattawa ce, amma sun kusa kassara min Baba a Grand Canyon

Wallahi har yanzu in na tuna raina tafasa yake yi. Baba da Hajiya sun zo min ziyara nan Amurka, na ce kafin su koma gida sai na kai su sun ga Grand Canyon, wagegen kwazazzabon nan na jihar Arizona da kogin Kolorado ya tsaga, tsawonsa kilomita 446, zurfinsa ya haura kilomita ɗaya da rabi. Baba shekara talatin ya yi yana koyar da labarin ƙasa a sakandare, wurin nan ya sha zana shi a allo bai taɓa ganinsa da ido ba, to ku duba irin ɗokin da yake yi.

Na samu wani kamfanin yawon buɗe ido a Las Vegas, sun rubuta ɓaro-ɓaro wai tafiyar ta dace da dattawa, ɗan tattaki ne kaɗan babu wahala. Ban tsaya nan ba sai da na buga musu waya, na ce shekarar Baba 74 yana da ciwon gwiwa da hawan jini, Hajiya kuma ciwon suga, dole ta ci abinci a kan lokaci, kuma ba ma cin naman alade. Matar ta ce ba komai duk an rubuta. Na biya kuɗina cas.

Ƙarfe shida na safe muka shiga bas. Nisan na sani, wajen kilomita 450 ne zuwa gaɓar kudu, awa huɗu da wani abu, wannan na yarda da shi. Amma banɗakin cikin motar a kulle wai ya lalace, sau ɗaya tak aka tsaya a hanya, mota cike da tsofaffi aka ce minti goma sha biyar, layin mata har waje, Hajiya na cikin layi direba na danna ham. Haba jama'a!

Da muka isa sai ɗan jagoran, wani yaro da bai fi sa'an autanmu ba, ya kwashe mu zuwa hanyar Bright Angel, wadda ke gangarawa cikin kwazazzabon, wai a ɗan sauka kaɗan a ɗauki hoto. Na ce Baba ku zauna a nan sama, ya ce kai yaro na zo har nan sannan in tsaya a baki? Ga jagora na ta cewa ai da sauƙi. Sauka kam ba wuya, hawowa ce masifar. Bakin wurin nan tudu ne mai tsayin kusan mita 2,100 daga teku, Jos ma da muke ganin tana sama wajen mita 1,200 ce, iskar wurin ba ta ƙosar da huhu, lafiyayye ma haki yake balle dattijo mai hawan jini. Baba ya yi taku kaɗan ya zauna kan dutse, leɓensa ya bushe, gwiwa na rawa, ga rana ga kashin alfadarai a hanya, na waiga neman jagora ashe ya yi sama da masu ƙarfi ya bar mu. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

Wata ma'aikaciyar gandun da ke kula da kwazazzabon ce, Allah ya saka mata, ta tsaya ta ba shi ruwa da ɗan abu mai gishiri, ta raka mu a hankali har muka fito. A bakinta na ji abin da ya ƙara ƙona min rai. Ta ce hawowa kan ci ninki biyu na lokacin sauka, sun rubuta a alluna. Ta ce akwai hanya shimfiɗaɗɗiya a sama, daga Mather Point zuwa Yavapai, wuraren tsayawa a kalli kwazazzabon, kilomita ɗaya ce da ɗoriya, ana ganin komai ba sai an gangara ba, ga bas-bas na kyauta da ke zagayawa da mutane, ga hayar keken guragu kusa da cibiyar baƙi, har takardar izini ake ba masu matsalar tafiya su shiga hanyar Hermit, titin da ke bin bakin kwazazzabon, da motarsu. Duk an tanada, kamfanin da kullum nan yake kai mutane zai ce bai sani ba?

Abincin da aka miƙo mana kuwa burodi ne da naman alade a tsakiya, bayan duk bayanin da na yi. Dabinon da ke jakarta Hajiya ta ci. Azahar da la'asar a gurguje muka haɗa su a wurin ajiye motoci, direba na cewa zai tafi ya bar mu.

Kwana uku Baba na kwance gwiwa a kumbure. Abin da ya fi min ciwo shi ne da ya ce ni fa ban ma kalli wurin sosai ba, ƙafata na yi ta kallo. Na tura wa kamfanin imel, amsarsu layi biyu, wai a ƙa'idojinsu kowa shi ke da alhakin lafiyarsa. To me ya sa kuka rubuta ta dace da dattawa? Na sake tura musu jiya da ranar da na yi wayar, kuɗina nake so su dawo min da shi. Mako mai zuwa da motata zan mayar da su Baba can, mu kwana a Tusayan, ɗan garin da ke kusa da ƙofar shiga gandun, da safe in zaunar da shi a Mather Point ya kalla har ya gaji.