Janar Smuts: Dattijo a Landan, mai bulala a gida

Tun da Jami'ar Cape Town ta cire sunan Jan Smuts, tsohon firaministan Afirka ta Kudu, daga ɗakin kwanan ɗalibanta a 2021, masoyansa ba su huta ba, mu ma ba su bar mu mun huta ba. Kullum waƙar ɗaya ce: wai ana goge tarihi, wai an yi butulci ga mutumin da ya tsara gabatarwar kundin Majalisar Ɗinkin Duniya. To, tunda tarihi suke so, a karanta shi duka mana.

Ba mai musun cewa mutumin yana da kai. Lauya ne da ya fito daga Cambridge, yana ɗan shekara 28 ya zama babban lauyan gwamnatin Transvaal, wani yanki na Afirka ta Kudu ta yau. Ya yi janar ya yaƙi Ingila, sai ga shi a 1917 Ingilar ta zaunar da shi a majalisar ministocinta ta yaƙi. Nan masoyan ke rufe littafi.

A Mayun 1921, yana firaminista, 'yan sanda suka buɗe wuta a Bulhoek kan mabiyan wani mai wa'azi, Enoch Mgijima, da suka ƙi tashi daga filin da suka zauna. Sama da mutum 160 suka mutu. Shekara na zagayowa, jiragen sama suka yi wa al'ummar Bondelswarts ruwan bama-bamai a ƙasar da ake kira Namibiya yau. Cikin abin da ya tunzura su har da harajin karnukan farauta, ku ji fa, karnuka! Kuma ƙasar amana ce aka damƙa wa gwamnatinsa, ƙarƙashin tsarin riƙon da shi da kansa ya taimaka aka ƙirƙiro.

Masu cewa ai ya fi 'yan wariyar launin fatar da suka kayar da shi a 1948 sauƙi, su je su faɗa wa masu haƙar zinaren da aka murƙushe yajin aikinsu da bindiga a 1946. A wannan shekarar sai da shugaban ANC, ƙungiyar fafutukar baƙar fata, Dakta Xuma, ya je New York kafin ya samu gaisawa da firaministan ƙasarsa. A can ɗin kuma Indiya ta kai ƙarar gwamnatinsa Majalisar Ɗinkin Duniya da kundin da yake tinƙaho da shi. Ni a ganina iya bakin nan nasa ya fi ɓarna, domin shi ya saya wa mulkin farar fata mutunci a idon duniya, abin da magadansa masu kaushin harshe suka kasa.

Mu ma muna da namu bashin. Sojojin Najeriya, Hausawa da yawa a cikinsu, sun sauka Darussalam, a Tanzaniya ta yau, a ƙarshen 1916 don yaƙar Jamusawa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana kwamanda. Ya tattara ya bar fagen yana cewa yaƙin ya kusa ƙarewa, su kuwa suka ci gaba da fama da yunwa da zazzaɓi, aka karkashe su a fagen daga na Mahiwa a Oktoban 1917. Jamusawan ba su ajiye makami ba sai Nuwamban 1918.

Mutum-mutuminsa na nan tsaye a dandalin majalisar dokokin Landan. Ban ce a rushe shi ba. A dai rubuta Bulhoek da Bondelswarts a gindinsa, mu kuma a sa Mahiwa a darasin tarihin 'yan sakandarenmu.