Wai gudu hauka ne

To, buri ya cika, an hana yaron nan mai fita atisaye da asuba a hanyar Gaya gudu. Ku da kuka yi ta tura bidiyonsa kuna cewa iska ce ta shafe shi, sai ku zuba ruwa a ƙasa ku sha. Yau da asuba na bi ta hanyar Gaya ban gan shi ba, ashe mahaifinsa ne ya ɓoye takalman, saboda a majalisa an ce masa, "Malam, ɗanka fa ya zama abin kallo."

Jama'a, gudu sana'a ce. Na faɗa, zan kuma faɗa, sana'a ce kamar ɗinki da kanikanci.

Eliud Kipchoge ɗan ƙauye ne a yankin Nandi na ƙasar Kenya. Mahaifiyarsa ce ta rene shi, kuma kafin duniya ta san sunansa madara yake ɗorawa a keke yana kaiwa kasuwa. Yana ɗan shekara 18, a 2003, ya je Paris ya ci tseren mita 5,000 na duniya, ya bar shahararrun 'yan tsere El Guerrouj da Bekele a bayansa. Ya ɗauki zinare a tseren kilomita 42 na gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya sake ɗauka a ta Tokyo. A 2022 ya gudu kilomita 42 a Berlin cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9. Kusan tazarar Kano zuwa Wudil kenan, a ƙafa. Kai kuwa da ke ƙyaƙyata dariya, daga shagonka zuwa masallaci sai ka hau babur, ka iso kana haki.

Wani ya rubuto mini wai su ƙasarsu tudu ce, iskarsu daban. Na ji. Wata ta ce ba al'adarmu ba ce. Yaron da ke bin shanu tun hantsi har la'asar sakaliya, al'adar wa yake yi? A bar wannan zancen.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, Kipchoge ma yana da maƙwabci, Patrick Sang, tsohon ɗan tsere. Da Kipchoge ya je masa yana yaro, zama ya yi ya tsara masa yadda zai riƙa atisaye, ya zama kocinsa shekara da shekaru. Namu maƙwabcin waya ya zaro, ya laɓe bayan darni yana ɗaukar yaro. Wallahi na san yaron nan, takalminsa na gwanjo ne, dunduniyar ta cinye har ya cusa kwali a ciki, amma ko ranar hazo bai fasa fita ba.

Baba, don girman Allah a mayar masa da takalmansa.

Af, ni kam har yanzu ba wanda ya gaya mini wanda ya ba da izinin yanka filin firamarenmu aka gina shaguna. A nan muke tseren buhu da na ƙwai a cokali, yanzu mai cajin waya ne zaune a wurin.