Aikin gayya ne, amma na kwamfutoci

Batun nan na cibiyoyin bincike su koya wa kamfanoni raba lissafi ga kwamfutoci da yawa ya burge ni. Kamar gayya ne: gona ɗaya, kowa ya kama kunyarsa, a tashi kafin azahar. Wuyar tana wurin rabon. In an raba ba daidai ba, masu sauri su zauna jiran na baya. Wannan gwanintar kamfanoni suka rasa, injin kam kuɗi ke saye. Afirka ta Kudu ta ƙaddamar da irin wannan babban injin kwamfuta, mai suna Lengau, a 2016. Mu nan Katsina ga ɗaliban kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga 'yan auduga a Funtuwa suna neman hasashen damina, aikin da ke buƙatar irin wannan lissafi. Sai dai wutar lantarki fa, malam?