Jan fure a ƙirji: Tsakanin Musulmi da Turai, wa ke bin wani bashi?

Duk ranar 11 ga Nuwamba da ƙarfe 11 na safe, Birtaniya kan yi tsit na minti biyu. A daidai wannan sa'a ce aka daina harbe-harbe a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918. Tun kafin ranar ta zo, mai karanta labarai a talabijin, ɗan majalisa, ɗan ƙwallo, kowa ka gani da ɗan jan fure na takarda maƙale a ƙirji, wanda Turawa ke kira fofi, irin furen da ya tsiro a filayen daga na Beljiyam da Faransa. Ƙungiyar 'yan mazan jiya ta ƙasar ce ke sayar da shi tun 1921 don tallafa wa tsofaffin sojoji da iyalansu. Ranar Lahadi mafi kusa kuma Sarki da manyan ƙasa su hallara a tsakiyar Landan, su ajiye furanni a gindin Senotaf, wani gini mai siffar kabari amma babu gawa a ciki.

Ba ni da ja a kan wannan. Al'ummar da ke girmama matattunta ta yi abin kirki. Inda nake da magana shi ne yadda a shekarun nan aka mayar da furen ya zama jarrabawa, kuma kusan kullum Musulmi ne ake zaunarwa su rubuta ta.

A 2010 wasu tsirarun samari masu tsattsauran ra'ayi suka ƙona furen a Landan daidai lokacin da ake shirun minti biyun. Aikin wauta ne da rashin tarbiyya. Kotu ta ci ɗaya daga cikinsu tarar fam 50, gwamnati kuma ta haramta ƙungiyarsu a shekarar da ta biyo baya. Amma hoton wannan wuta ya daɗe yana yawo a jaridu, har ya zama kamar miliyoyin Musulmin Birtaniya ne suka kunna ashanar. A 2014 sai ga wani mayafi mai zanen furen ya fito kasuwa, domin matan Musulmi su yafa a ga cewa suna tare da ƙasa. Na yarda waɗanda suka kawo shi da kyakkyawar niyya suka yi. Sai dai ban ji an ɗinka wa wata al'umma nata tufafin shaidar biyayya ba. A 2023 kuma, da zanga-zangar neman tsagaita wuta a Gaza ta faɗo ranar 11 ga Nuwamba, ministar cikin gida ta lokacin, Suella Braverman, ta riga ta kira irin waɗannan jerin gwano tattakin ƙiyayya. 'Yan sanda sun ce mutum kusan 300,000 ne suka fito, hanyarsu kuma ba ta bi ta Senotaf ba. Waɗanda suka yi dambe da 'yan sanda a kusa da wurin su ne masu ƙyamar baƙi da suka ce sun zo kare shi. Kwana biyu bayan haka aka sallami ministar.

Amsar da shugabannin Musulmi a can suka saba bayarwa ita ce su buɗe littafin tarihi, kuma littafin yana goyon bayansu. Musulmi kimanin 400,000 ne suka yi wa Birtaniya yaƙi a rundunar Indiya a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Khudadad Khan, mutumin Punjab, ya ci gaba da harba bindigarsa mai jigida a Beljiyam ranar 31 ga Oktoba 1914 har aka kashe duk abokan aikinsa, shi ma aka bar shi a matsayin gawa, da dare ya ja jiki ya koma wa rundunarsa. Shi ne Musulmi na farko da ya samu lambar jarumta mafi girma ta Birtaniya. A Faransa, Babban Masallacin Faris da aka buɗe a 1926 an gina shi ne a matsayin godiya ga sojojin Musulmi da suka mutu wa ƙasar, kuma a maƙabartar Duwomo da ke kusa da Bardun akwai kaburbura 592 da ke fuskantar alƙibla.

Duk wannan gaskiya ne, ya kamata a koyar da shi a makarantu. Amma hujjar tana da rami a tsakiyarta. Idan ka ce ka cancanci zama a Birmingham domin kakanka ya zubar da jini a Beljiyam, to ka amince kenan cewa da jini ake sayen zama ɗan ƙasa. Ina makomar Basomale ko Bakurde da ya zo jiya, wanda kakansa bai taɓa sa kakin Sarkin Ingila ba? Baturen da kakansa ya ƙi zuwa yaƙi, ba wanda ya tare shi a tashar jirgin ƙasa yana tambayar ina furensa. Akwai ma ɗan ƙwallon Ailan, James McClean, Kirista kuma farar fata, wanda ya ƙi sa furen shekara da shekaru saboda sojojin Birtaniya sun harbe fararen hula a garinsu Derry a 1972. Ya sha zagi da barazana, amma ba a ce duk mabiya Katolika su fito su wanke kansu ba.

Sannan a faɗi gaskiya game da waɗancan kakanni. Ba 'yan ƙasa ba ne, talakawan mulkin mallaka ne. Wani albashi ya kai shi, wani sarkin garinsu aka ɗora wa adadin da zai kawo, wani kuma an tura shi ya yaƙi Daular Usmaniyya a Iraƙi da Falasɗinu, yana harbin wanda suke kallon alƙibla ɗaya. Karramawar da aka yi musu ma akwai lissafi a ciki. Maƙabartar Musulmi da aka keɓe a garin Woking a lokacin yaƙin, an yi ta ne bayan Jamusawa sun baza farfaganda cewa Ingilishi ba sa binne sojojin Musulmi yadda addini ya tanada. Da aka gama yaƙi aka manta da wurin, ɓata-gari suka yi ta lalata shi har sai da aka tone gawarwakin aka mayar da su maƙabartar Brookwood a 1968. Sai a 2015 aka gyara shi ya zama lambun tunawa.

Da ka juyo kan baƙar fata kuwa, sai ka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A watan Afrilun 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen rainon Ingila ta fitar da rahoto a kan kanta. Ta ce mutum 45,000 zuwa 54,000, yawancinsu 'yan Afirka da Indiya, ba a karrama su daidai da Turawa ba, sannan aƙalla wasu 116,000, mai yiwuwa har 350,000, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, wasu ma ba a yi musu wata alama ba sam. Wannan hukuma ce da ta yi alkawarin daidaita janar da kurtu a kabari. Gwamnan mulkin mallaka na ƙasar da yanzu ake kira Ghana ya taɓa cewa a 1923 baƙin mutum ba zai gane amfanin dutsen kabari ba. Ministan tsaro na lokacin, Ben Wallace, ya tashi a majalisa ya nemi gafara, bayan shekara ɗari. A ɓangaren Faransa, sojojin Afirka ta Yamma da suka dawo daga sansanonin fursuna na Jamus suka nemi haƙƙinsu a barikin Thiaroye kusa da Dakar, aka buɗe musu wuta ranar 1 ga Disamba 1944. Hukuma ta ce 35 ne suka mutu, masana tarihi da dama na cewa sun kai ɗaruruwa, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda ya kira abin kisan kiyashi. Waɗanda suka rayu, da ƙasashensu suka samu 'yanci aka daskarar da fanshonsu, na takwarorinsu Faransawa yana ta hawa.

To da wannan tarihi a ƙasa, wa ya kamata a tambaya ko yana tunawa da matattu?

Ta fuskar addini ba na ganin abin ya kai yadda ake zafafa shi. Akwai malaman da ke ganin tsayuwar shiru da ajiye fure koyi ne da al'adar da ba tamu ba, cewa addu'a da sadaka ne ke amfanar mamaci. Akwai kuma masu kafa hujja da hadisin da ya inganta cewa Annabi (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, da aka yi masa magana ya ce ashe ba rai ba ne. Wanda ya tsaya yana da madogara, wanda ya zauna ma haka. Akwai kuma wanda matsalarsa ba fiƙihu ba ce: furen yanzu ya haɗa har da yaƙin Iraƙi da Afghanistan, shi kuwa yana da dangi a cikin waɗanda bama-baman suka faɗa wa, waɗanda ba su da minti biyu a kalandar kowa. A ɗaya gefen akwai iyalan Jabron Hashmi, sojan Birtaniya Musulmi da aka kashe a Helmand ta Afghanistan a 2006, da na Kyaftin Humayun Khan, sojan Amurka Musulmi da ke kwance a maƙabartar Arlington ta Amurka. Su ranar tasu ce, ba wanda ya isa ya ce musu sun sayar da addini. A kasafin kuɗin 2024 gwamnatin Birtaniya ta ware fam miliyan 1 don gina wurin tunawa da Musulmin da suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya biyu. Madalla, amma ni da za a tambaye ni, a fara da nemo sunayen da aka zubar.

Laifi tudu ne, don haka bari in taka namu. Rundunar Najeriya ta zamanin Turawa da Hausa take magana, har hafsoshin Turawa sai sun koye ta. Dubban 'ya'yan ƙasar nan, da yawansu Musulmi, sun bi runduna ta 81 da ta 82 zuwa dazukan ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu) a Yaƙin Duniya na Biyu suka gwabza da Japanawa. Najeriya ta mayar da ranar tunawa da 'yan mazan jiya zuwa 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, sai Yaƙin Bama ya koma hirar tsofaffi a ƙofar gida, yanzu tsofaffin ma sun kusa ƙarewa. Barikin Kalapanzin da na Dalet a Kaduna, da na Chindit a Zariya, duk daga can sunayensu suka samo asali. Kullum mutane na wucewa ta ƙofofinsu a cikin Keke Napep. Ka tsayar da goma ka tambaye su mene ne Kalapanzin, da wuya ka samu ɗaya da zai ce maka kogi ne a Bama.