Takaba ba ta hana mace saƙa

Mutane da yawa suna zaton matar da take takaba dole ta naɗe hannu ta zauna shiru, har ma idan aka gan ta da kwarashi da zaren ulu tana saƙa, sai a fara raɗe-raɗin cewa mutuwar mijin ba ta dame ta ba. Wannan fahimta kuskure ce. Abin da shari'a ta ɗora mata, na wata huɗu da kwana goma kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta ƙayyade, shi ne ta dakata da aure, malamai kuma suka bayyana cewa za ta bar kwalliya da turare, ta riƙa kwana a ɗakinta. Sana'ar hannu ba ta cikin abubuwan da aka hana.

A ganina ma saƙa tana cikin abin da ya fi dacewa da wannan zama, domin bayan sadakar arba'in masu gaisuwa sukan ɗauke ƙafa, gida ya yi tsit, yini ya yi tsawo. Ƙirga idon saƙa da jan zare suna riƙe hankali ba tare da sun hana zikiri ba, kuma hula ko safar da ta saƙa wa jikanta kafin hunturu takan jawo yaron da uwarsa su zo su yi mata hira.