Harin ta'addanci da akwatin zaɓe: me masu ƙuri'a suke hukuntawa?

A safiyar 11 ga Maris, 2004, bama-bamai suka tashi a cikin jiragen ƙasa huɗu da ke kai ma'aikata birnin Madrid, suka hallaka mutum sama da 190, alhali saura kwana uku a yi babban zaɓen Sifaniya. Kafin wannan rana, jam'iyyar PP ta Firaminista Jose Maria Aznar ce ke kan gaba a ƙuri'un jin ra'ayin jama'a, amma da aka ƙirga ƙuri'u sai jam'iyyar gurguzu ta madugun adawa Jose Luis Rodriguez Zapatero ta yi nasara, kuma bai daɗe da hawa mulki ba ya janye sojojin ƙasar daga Iraƙi. Tun daga lokacin wasu suke kafa hujja da Madrid cewa 'yan ta'adda na iya kayar da gwamnati da bam, fassarar da a ganina an yi garajen yanke ta.

Abin da ya faru a cikin kwana ukun nan shi ya fi cancantar a duba. Gwamnati ta dage cewa ƙungiyar 'yan awaren Basque ta ETA ce ta kai harin, har ma'aikatar harkokin waje ta umarci jakadunta su riƙa faɗin haka, duk da cewa tun a ranar farko 'yan sanda sun gano wata mota a garin Alcala de Henares ɗauke da na'urorin tayar da bam da wasu alamu da ke nuna masu iƙirarin jihadi. A jajibirin zaɓe, mutane suka riƙa kiran juna da saƙon waya, suka yi cincirindo a ƙofar hedikwatar PP suna neman a gaya musu gaskiya kafin su jefa ƙuri'a. Alkawarin janye sojoji kuwa Zapatero ya yi shi tun kafin harin. Saboda haka abin da aka hukunta a Sifaniya shi ne zargin cewa masu mulki sun karkatar da labarin mutuwar jama'a don ya dace da lissafin zaɓensu.

Da a ce hari kaɗai ke kayar da gwamnati, da ba mu ga akasin haka sau da yawa ba. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, a Amurka, farin jinin Shugaba George W. Bush ya kai kashi 90 cikin ɗari, kuma ya sake cin zaɓe a 2004. A Indiya, bayan an kashe jami'an tsaro 40 a Pulwama a Fabrairun 2019, Firaminista Narendra Modi ya tura jiragen yaƙi Balakot da ke Pakistan, jam'iyyarsa ta BJP kuma ta lashe zaɓen shekarar da kujeru 303. A Turkiyya, jam'iyya mai mulki ta AKP da ta rasa rinjaye a Yunin 2015 ta dawo da shi a Nuwamba, bayan hare-haren Suruc da Ankara. Idan mutane suka ɗauki hari a matsayin farmaki daga waje, sukan rungumi wanda ke kan kujera, domin ba a sauya gwani a tsakiyar rafi. Wannan uzuri yana ƙarewa ne idan aka ga sakaci. A Najeriya, sace 'yan matan Chibok 276 a Afrilun 2014 da jinkirin da gwamnatin Goodluck Jonathan ta yi kafin ta ɗauki lamarin da muhimmanci sun bi ta har zaɓen 2015, wanda aka ɗage da mako shida saboda dalilan tsaro, kuma duk garuruwan da sojoji suka ƙwato a wannan tsakani ba su hana ta faɗuwa ba.

Inda na fi jin tsoron tasirin hari shi ne a kan muhawarar dabarun yaƙi da ta'addanci, domin a lokacin makoki abin da ido ke gani kaɗai ke samun kasuwa: sojoji a titi, sabuwar doka, rufe iyaka. An sa hannu a dokar yaƙi da ta'addanci ta Patriot a Amurka kwana 45 bayan harin 11 ga Satumba, sanata ɗaya tak, Russ Feingold, ya ƙi amincewa da ita. Faransa ta kafa dokar ta-ɓaci bayan an kashe mutum 130 a Paris a Nuwamban 2015, dokar ta kai kusan shekara biyu, sannan aka kwashe wasu tanade-tanadenta aka zuba a dokokin yau da kullum. Duk ɗan siyasar da ya ce a dakata a yi nazari, nan take a kira shi mai sassauci ga 'yan ta'adda, shi ya sa da yawa suke yin shiru ko da suna da ja.

Alhali kuwa kwamitocin bincike, idan sun gama aikinsu, sukan gano ɓarakar a wuraren da ba a hawa mumbari a yi kamfe da su. Kwamitin da ya binciki harin 11 ga Satumba ya nuna a 2004 cewa hukumomin tsaron Amurka na CIA da FBI sun gaza musayar bayanan da ke hannunsu. A Birtaniya, bayan harin Manchester na 22 ga Mayu, 2017, da ya kashe mutum 22, gardamar kamfe ta koma kan rage 'yan sanda kusan 20,000 da aka yi tun daga 2010, akasari a zamanin da Theresa May ke ministar cikin gida, kuma May, wadda a lokacin ita ce Firaminista, ta rasa rinjayenta a majalisa a zaɓen 8 ga Yuni, ko da yake akwai wasu dalilan. Ya kamata majalisu su riƙa sanya wa duk dokar da aka yi cikin zafin hari ranar ƙarewa, su kuma tilasta fitar da sakamakon bincike kafin zaɓe na gaba. Rahoton da ya bayyana cewa hukumar leƙen asiri ta MI5 ta yi asarar wata muhimmiyar dama ta daƙile harin Manchester bai fito ba sai a Maris ɗin 2023, bayan 'yan Birtaniya sun riga sun yi babban zaɓe har sau biyu.